MUDU BIYU A KASUWA ƊAYA: SHARHI A KAN ALKAWARIN ƘUNGIYAR ARLA NA RAGE ISKAR DA KE ƊUMAMA DUNIYA

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa shan shayi da madarar Dano ya yi hulɗa da ƙungiyar Arla, ko ya sani ko bai sani ba. Ita dai Arla ƙungiyar gama kai ce ta masu kiwon shanun madara a arewacin Turai, tana kuma cikin manyan masu harkar madara na duniya baki ɗaya. A watan Maris na 2019 wannan ƙungiya ta fito bainar jama'a ta ɗauki alkawarin rage iskar da ke ɗumama duniya, wadda ke fita ta dalilin sana'arta, da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Ta kuma ce in Allah ya kai mu 2050, abin da take fitarwa zai daidaita da abin da take kwashewa daga sararin sama, watau ba za ta ƙara ɗora wa duniya kome ba.

Manufar wannan takarda ita ce mu baje wannan alkawari a faifai, mu sheƙe shi, mu ware tsaba daga ƙaiƙayi. Za mu tsaya ne a kan alkawarin kamar yadda ƙungiyar ta bayyana shi, ta kuma riƙa ba da rahoto a kansa, daga 2019 zuwa 2024. Abin da muke son nunawa shi ne, Arla ta yi awo da mudu biyu. Ta auna ɗan ƙaramin ɓangaren iskar da take fitarwa da mudu mai tsanani, sa'an nan ta auna babban ɓangaren da mudu mai sassauci. Wannan kuwa ya sa tana iya cika alkawarinta a takarda ba tare da ta ɗaure kanta da sauke wa sararin sama wani ƙayyadadden nauyi ba.

Wataƙila wani daga cikin mahalarta wannan taro ya ce mene ne namu da shanun Danmak. Amsa ita ce, iska ba ta san kan iyaka ba, zafin da ta haddasa kuwa mu mutanen bakin hamada muna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsa. Bugu da ƙari, mudun da ake auna saniyar Danmak da shi, da shi ne ake auna saniyar Bafillace, kuma hukuncin da yake yanke mata mai nauyi ne, kamar yadda za mu gani nan gaba.

2.0 ƘUNGIYAR DA TUSHEN ISKAR

An kafa Arla Foods a shekarar 2000, lokacin da ƙungiyar Arla ta Suwidin da ƙungiyar MD Foods ta Danmak suka haɗe. Amma saiwarta ta wuce nan, domin tun 1882 manoman ƙauyen Hjedding a Danmak suka kafa gidan sarrafa madara na gama kai na farko a ƙasarsu. Hedkwatar ƙungiyar tana Viby, kusa da birnin Aarhus. Ya zuwa 2023 masu ita manoma ne kimanin 8,000 a ƙasashe bakwai: Danmak, Suwidin, Birtaniya, Jamus, Holan, Beljiyam da Lakzambak. Madarar da ta tara a shekarar 2023 ta kusa kilo biliyan 14, daga cikinta ake yin man shanu na Lurpak, da cukun Castello da Puck, da garin madara irin su Dano. Ƙa'idar ƙungiyar ita ce manomi ya kawo mata madararsa, ita kuma tilas ta karɓi duk abin da ya tatsa, ribar da aka samu ta koma wa manoman. A riƙe wannan ƙa'ida, domin a kanta rabin hujjarmu za ta tsaya.

Iskar da ke fita daga harkar madara iri uku ce. Ta farko ita ce metan. Saniya dabba ce mai tuƙa, a cikin tumbinta akwai ƙananan halittu masu ruɓar da ciyawa, kuma wannan ruɓewa ita ke haifar da metan, wadda mafi yawanta ke fita ta gyatsa. Saniyar madara ta Turai takan fitar da fiye da kilo 100 na metan a shekara, ban da wadda ke tashi daga ramukan da ake tara kashinta. Ta biyu ita ce naitiros, wadda ke tashi daga takin zamani da na gargajiya in an zuba a gona. Ta uku ita ce kabon, daga man motocin noma da na jigila, da gas na masana'antu, da kuma ƙasar fadama mai ruɓaɓɓen ciyayi wadda aka janye wa ruwa domin a noma ta. Domin a haɗa lissafi, masana kan mayar da kowace iska zuwa kimarta ta kabon, kamar yadda ɗan canji ke mayar da kuɗin ƙasashe daban-daban zuwa kuɗi guda.

Har ila yau, akan raba iskar kowane kamfani rukuni uku. Rukuni na farko shi ne abin da ke fita daga masana'antun kamfanin da motocinsa. Na biyu shi ne na wutar lantarki da makamashin da ya saya. Na uku ya tattara sauran duka, tun daga gonar da aka noma abincin dabba har zuwa kwalin da aka zuba madarar. A lissafin Arla da kanta, jimlar iskarta a waɗannan shekaru tana tsakanin tan miliyan 18 da 20 a shekara. Rukuni na farko da na biyu, in an haɗa su, kimanin kashi 4 ne cikin ɗari. Rukuni na uku kimanin kashi 96, gonakin manoma kaɗai kuwa sun ɗauki kimanin kashi 83.

3.0 ABIN YABO

Masu iya magana sun ce yabon gwani ya zama dole. Kafin mu shiga suka, wajibi ne mu faɗi abin da ƙungiyar ta yi wanda da yawa daga takwarorinta ba su yi ba.

Na farko, ta auna. Tun daga 2020 ta shigo da binciken shekara-shekara na gonakin 'ya'yanta, inda manomi ke amsa tambayoyi fiye da 200 game da garkensa, da abincin shanunsa, da takinsa, da makamashinsa, sa'an nan wani malamin gona daga waje ya zo ya duba amsoshin tare da shi. Daga nan aka gano cewa kowane kilo na madarar manoman Arla yana tafe da kimanin kilo 1.15 na iska, alhali matsakaicin duniya, a ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kimanin kilo 2.5 ne.

Na biyu, ta ɗaura alkawarin da aljihun manomi. A Oktoba 2022 ta bayyana tsarin ba da maki, aka fara biya a 2023. Manomi na samun maki gwargwadon yadda ya kyautata ciyar da shanu, da adana taki, da amfani da hasken rana ko iskar gas ta kashin shanu, da kula da lafiyar garke. Makin na iya kai shi ga ƙarin santi 3 na Yuro a kan kowane kilo, ban da santi 1 da ake biya domin miƙa bayanan gona. Ƙungiyar ta ce kuɗin da ke cikin tsarin na iya kaiwa Yuro miliyan 500 a shekara.

Na uku, a 2021 ta ɗaga alkawarinta game da masana'antunta daga kashi 30 zuwa kashi 63, kuma kafin ƙarshen 2024 ta riga ta rage fiye da kashi ɗaya bisa uku na abin da suke fitarwa a 2015. Waɗannan duka aiki ne, ba mu da ja a kansu.

4.0 MUDU BIYU

To, a nan gizo ke saƙa. Alkawarin 2030 kashi biyu ne, ma'aunin kowane kashi kuwa daban. Game da rukuni na farko da na biyu, ƙungiyar ta ce za ta rage kashi 63 cikin ɗari na jimlar tan ɗin da ta fitar a 2015. Wannan shi muka kira mudun jimla: ko masana'antu sun ƙaru ko sun ragu, tilas yawan tan ya sauka. Game da rukuni na uku kuwa, cewa ta yi za ta rage kashi 30 cikin ɗari a kan kowane tan na madara da ruwan cuku da ta karɓa. Wannan shi ne mudun kowane kilo, kuma bai ce kome ba game da jimla.

Bari mu buga misali da lissafi mai sauƙi. A ce gona tana ba da kilo 100 na madara, kowane kilo yana tafe da kilo ɗaya na iska, jimla kilo 100 ke nan. Manomi ya yi ƙoƙari ya rage kashi 30, kowane kilo ya koma 0.7. In madarar ta tsaya yadda take, jimla ta sauka zuwa 70. In ya ƙara shanu madarar ta kai kilo 120, jimla ta zama 84, raguwar gaskiya kashi 16 ce kurum. In kuwa madarar ta kai kilo 143, jimla ta koma kimanin 100, watau an cika alkawari cif-cif, sararin sama kuwa bai ga canjin kome ba. Abin da ke ɗumama duniya shi ne jimlar tan ɗin da suka taru a sama, babu ruwan yanayi da yawan madarar da aka tatsa a bayansu.

Wannan ba lissafin allo ba ne kawai, ya riga ya faru a duniya. Rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta fitar a 2019 ya nuna cewa daga 2005 zuwa 2015 iskar kowane kilo na madara a duniya ta ragu da kimanin kashi 11 cikin ɗari, daga kilo 2.8 zuwa 2.5. Amma a daidai wannan lokaci madarar duniya ta ƙaru da kashi 30, jimlar iskar harkar madara kuwa ta hau da kashi 18. Ashe ke nan gwaninta na iya ƙaruwa, ɓarna ma ta ƙaru tare da ita.

Adalci ya sa mu ce madarar Arla ba ta yi irin wannan tsalle ba tun 2015, saboda haka raguwar da manomanta suka samu ba ta tashi a banza ba. Sai dai wannan sa'a ce ta kasuwa da dokokin ƙasashe, alkawarin bai tilasta shi ba. A 2025 ma Arla da ƙungiyar DMK ta Jamus sun bayyana shirin haɗewa su zama ƙungiya guda mai manoma fiye da 12,000, abin da ke nuna cewa niyyar faɗaɗa tana nan daram.

Yanzu mu ɗora mudun biyu a kan sikeli ɗaya. Kashi 63 na kashi 4 bai wuce kashi biyu da rabi na dukkan iskar ƙungiyar ba. Ke nan babban adadin da ke jan ido, wanda ake sa wa a gaba a takardun talla, ya shafi wutsiyar raƙumi ne, shi kuwa raƙumin an bar shi ga mudu mai sassauci. Ko a wannan mudun ma tafiyar ba ta kai ba. Rahoton ƙungiyar ya nuna raguwar kashi 12 a 2023, da kashi 13 a 2024. An yi shekara tara ana tara 13, saura 17 cikin shekara shida, watau sai an kusa ninka saurin tafiya, alhali abubuwa masu sauƙin gyara su aka fara gyarawa.

4.1 Uzurin Rukuni na Uku

Uzurin da kamfanoni suka saba kawowa shi ne, rukuni na uku ba ya hannunsu, domin masu kawo musu kaya mutane ne masu zaman kansu. Wannan uzuri yana da ƙarfi a bakin kamfanin da ke sayen madara a kasuwa, amma a bakin ƙungiyar gama kai ba shi da ƙafa. Manomin da ke kawo wa Arla madara shi ne mai Arla, shi ke zaɓen wakilan da ke zaɓen shugabanninta. Sanya gonarsa a rukuni na uku tamkar baƙo ƙa'ida ce ta masu lissafi, amma a zahiri mai gida ne aka rubuta a jerin maƙwabta.

A ganinmu ainihin dalilin yana cikin ƙa'idar da muka ce a riƙe. Tun da tilas ƙungiya ta karɓi duk abin da ɗanta ya tatsa, kuma arzikin ɗan nata ya dogara ga yawan madararsa, babu shugaban da zai tsaya gaban waɗanda suka zaɓe shi ya ce musu a ƙayyade garke. Mudun jimla kuwa, ko ba jima ko ba daɗe, sai ya kai ga tambayar yawan shanu. Mudun kowane kilo shi ne hanyar kauce wa wannan tambaya. Mun ga haka a wata babbar ƙungiyar gama kai, Fonterra ta New Zealand, wadda a Nuwamba 2023 ita ma ta zaɓi kashi 30 a kan kowane tan na madara. Gama kan da ya ba waɗannan ƙungiyoyi ikon isa ga kowace gona, shi ne kuma ya ɗaure musu baki a kan abin da ya fi muhimmanci.

5.0 METAN DA MAGANAR SHEKARA ƊARI

Matsala ta biyu tana cikin canjin kuɗin nan da muka ambata. Metan ba ta daɗewa a sama, cikin kimanin shekara 12 ta lalace, amma kafin ta lalace zafinta mai tsanani ne. In an auna a kan shekara 100, kilo ɗaya na metan ya yi daidai da kimanin kilo 27 na kabon. In an auna a kan shekara 20, ya kai kimanin kilo 80. Arla, kamar sauran kamfanoni, da farashin shekara 100 take canji. Wannan ya halatta a ƙa'idar duniya, amma yana rage girman metan a idon mai karatu, a daidai shekarun da duniya ke ƙoƙarin kada ƙarin zafi ya wuce digiri 1.5, kamar yadda aka yi fata a Yarjejeniyar Paris ta 2015.

Domin haka ne a taron Gilasgo na 2021 ƙasashe fiye da 100 suka amince a rage metan ta duniya da kashi 30 kafin 2030, bisa ga matsayin 2020. A Janairu 2023 kamfanin Danone na Faransa ya ɗauki alkawarin rage jimlar metan ta ɗanyar madarar da yake saye da kashi 30 kafin 2030. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne. A tsawon shekarun da muke nazari Arla ba ta keɓe wa metan nata alkawarin jimla ba, ta bar ta cikin kwando ɗaya da sauran, ga shi kuwa ita ce mafi girma daga abin da gonar madara ke fitarwa.

Maganar shekara ɗari ta kai ƙungiyar gaban alƙali. A Suwidin ta daɗe tana rubuta wa a kwalin wata madararta cewa ba ta bar wa yanayi wani tabo ba, bisa hujjar cewa ta biya kuɗin dashen itatuwa da kare dazuzzuka a ƙasashen waje domin su fanshe iskar. Ofishin kare masu saye na ƙasar ya kai ƙara, a Fabrairu 2023 kotun da ke kula da harkokin kasuwa ta yanke hukunci cewa maganar tana ruɗar mai saye, ta hana ƙungiyar sake amfani da ita, tare da tarar kurona miliyan ɗaya in ta saɓa. Gyatsar saniya ta yau tana zafafa duniya tun yau, itacen da aka dasa domin fansarta kuwa sai ya yi shekaru kafin ya biya bashin, kuma babu mai lamunin cewa gobara ko gatari ba za su riga shi ba. Wannan hukunci yana da muhimmanci ga alkawarin 2050, domin kalmar daidaitawa tana nufin akwai ragowar da za a fanshe, kuma muddin ba a faɗi girman ragowar ba, ba a faɗi girman alkawarin ba.

Ƙungiyar ta sa rai ƙwarai ga magungunan da ake haɗawa da abincin shanu. Mafi shahara shi ne Bovaer, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022, yana kuma rage metan ta tumbi da kusan kashi 30. Amma sai an ba saniya shi kullum cikin haɗaɗɗen abinci, saboda haka ya fi dacewa da wadda ke turke a kan wadda ke kiwo a fili. Da Arla ta bayyana gwajinsa a gonaki 30 a Birtaniya a Nuwamba 2024, sai jita-jita ta bazu, har wasu suka riƙa zubar da madararta, duk da cewa hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar ta ce madarar ba ta da illa. Mu ba mu goyi bayan jita-jitar ba. Abin lura dai shi ne, wanda aka taɓa kama shi da ƙarin gishiri a kan kwali, zai sha wuyar samun yarda ko ranar da yake da gaskiya.

6.0 WA TSARIN MAKI YA FI AMFANA?

Mun yaba wa tsarin maki, amma shi ma yana da bayan da ya kamata a leƙa. A ƙungiyar gama kai duk kuɗin da aka raba na manoman ne tun asali, saboda haka ladan mai maki da yawa yana fitowa ne daga tukunyar da mai maki kaɗan ke ci. Tun da kuwa mudun kowane kilo ne ginshiƙin lissafin, gonar da ta fi matse madara daga kowace saniya ita ke kan gaba. Babban manomi mai jarin gina rumbun taki da sayen injuna ya fi ƙaramin manomi mai sakin shanunsa a makiyaya damar tara maki. Ƙungiyoyin kare muhalli, cikinsu har da Greenpeace, sun yi wannan suka a wani rahoto na 2025. Ga shi kuma saniya mai yawan madara sai da abinci mai ƙarfi, wanda wani ɓangarensa waken soya ne daga Kudancin Amurka.

Abin sha'awa, gwamnatin Danmak da ta tashi yin nata awon, da mudun jimla ta yi. A Yuni 2024 ta daidaita da ƙungiyoyin manoma da na muhalli a kan harajin iskar dabbobi, irinsa na farko a duniya: kurona 300 a kan kowane tan daga 2030, ya hau zuwa 750 a 2035, tare da rangwamen kashi 60 wanda zai mayar da shi 120 da 300. An ce harajin ya yi sauƙi, amma dai tan yake ƙirgawa. Yarjejeniyar ta kuma tanadi dasa daji a hekta 250,000 da janye hekta 140,000 na ƙasar fadama daga noma.

7.0 SANIYAR DANMAK DA BUNAJI

Yanzu mu dawo gida. A 2023 Arla ta buɗe gonar madara a Damau, ƙaramar hukumar Kubau ta Jihar Kaduna, da karsanu fiye da 200 irin Holstein da aka kawo daga Danmak. Ƙasar da fiye da rabin madarar da take sha daga waje ake shigo da ita ba za ta raina irin wannan jari ba, mu ma ba mu raina ba. Damuwarmu ita ce mudun da ke biye da jarin.

A rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona na 2010, an ƙiyasta cewa kowane kilo na madara a Afirka kudu da Sahara yana tafe da kimanin kilo 7.5 na iska, mafi yawa a duniya. Dalili a fili yake. Saniyar Danmak tana ba da kimanin kilo 10,000 a shekara, Bunaji kuwa lita ɗaya zuwa biyu ake tatsa a rana bayan maraƙi ya sha, da rani ma ba ta kai haka ba. In an raba iskar saniya da madararta, tilas mai ƙaramar hantsa ta fito da babban laifi. Daga nan kuma taki ɗaya ne zuwa ga cewa garin madarar Turai ya fi nonon ruga tsabta ga duniya, makiyayi kuwa shi ne matsala.

Wannan hukunci yana da gurgunta uku. Na farko, Bunaji ba madara kaɗai take bayarwa ba. Ita ke haifar shanun huɗa, ita ke takin gonar da aka yi wa sassabe, ita ce nama da fata, ita ce asusun da ake fasawa ranar biki ko ranar asibiti. Ɗora mafi yawan iskarta a kan ƙwaryar nono zalunci ne na lissafi. Na biyu, abincinta ciyawar daji ce da karan dawa da harawa, abin da mutum ba ya ci, a ƙasar da sau da yawa ba ta nomuwa, babu jirgin ruwan da ya ɗauko mata waken soya. Na uku, mudun kowane kilo ba ya tambayar wa ya sha. Mutumin Nijeriya ba ya shan ko kashi ɗaya bisa goma na madarar da mutumin arewacin Turai ke sha, Afirka duka kuwa kasonta na kabon da duniya ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin ɗari ba.

Ba muna cewa a bar saniyarmu yadda take ba ne. Kyautata abincin rani, da ruwan sha, da rigakafi, zai ƙara madara ya kuma rage iskar kowane kilo, makiyayi shi zai fara cin riba. A wurin da madara ta yi ƙaranci, mudun kowane kilo yana da amfani na gaske. Inda ya zama mafaka shi ne wurin da aka riga aka ƙoshi, aka kai saniya maƙurar abin da za ta iya bayarwa, har ana neman kasuwar rarar a ƙetare.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa ƙungiyar Arla ta yi aikin da ya cancanci yabo wajen aunawa da wajen saka wa manomi, amma alkawarinta na 2030 ya tsananta ne inda nauyi bai da yawa, ya sassauta inda nauyin yake. Saboda haka muna ganin abubuwa uku suka rage mata in tana son a ɗauki maganarta da muhimmancin da take nema. Ta faɗi adadin tan ɗin da gonakin 'ya'yanta ba za su wuce ba a 2030. Ta keɓe wa metan alkawarinta na jimla. Ta kuma bayyana kashi nawa na alkawarin 2050 ragewa ce, kashi nawa fansa ce. Ƙungiyar da ta iya tattara amsar tambaya 200 daga gonaki dubbai ba za ta rasa waɗannan alƙaluma ba, abin da ya rage shi ne manoman da suka mallake ta su yarda a ɗaure su da su.

Mu kuma malamai akwai namu aikin. Muddin ba mu auna shanunmu da kanmu ba, a kan abincin da suke ci da amfanin da suke bayarwa, da ƙiyasin wasu za a ci gaba da yi musu hukunci. Muna da Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa a Shika, muna da sassan aikin gona a jami'o'i da kwalejojin ilmi, muna kuma da ɗalibai 'ya'yan makiyaya waɗanda suka san garke ciki da bai. Ya kamata mu koya wa waɗanda za su zama malaman gobe cewa duk lokacin da aka ce musu an rage kashi kaza, su tambaya: kashi kaza na mene ne, daga wace shekara, kuma da wane mudu aka auna? Muna fatan mahalarta wannan taro za su gyara mana inda muka yi kuskure, su kuma ɗora daga inda muka tsaya.